Druid: Addinin Da Kewar Daji Ta Haifa

Duk shekara idan 21 ga Yuni ta kewayo, sai hotunan nan sun sake yawo a wayoyinmu. Turawa cikin fararen riguna har ƙasa, wasu da rawanin ganye, wasu da dogayen sanduna, sun yi dafifi a tsakiyar manyan duwatsun Stonehenge da ke kudancin Ingila, suna dakon fitowar rana tun kafin ƙarfe 5 na asuba. Tana ɓullowa sai sowa da ganguna. Mutanenmu kuwa gida biyu suke rabuwa. Wasu su ce a'uzubillahi, ga tsafi nan ƙiri-ƙiri da rana tsaka. Wasu kuma su ce to kun gani, Bature ma bai yar da gargajiyarsa ta shekara 5,000 ba, mu ne kullum cikin gudun tamu. Mai magana ta farko ya faɗi abin da imaninsa ya ba shi, ba ni da ja da shi. Mai ta biyun nake so mu ɗan zauna da shi, domin abin da yake gani bai kai ko kusa da waɗannan shekaru ba. Ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin 'yan Druid na yau, 'yancin kan Nijeriya ma ya girme ta da shekara 4. Kuma ni a wurina wannan ƙuruciyar tasa ita ce abin dubawa, don ita ke nuna ciwon da ya haife shi.

An yi Druid na asali, wannan ba tatsuniya ba ce. Su ne malaman al'ummar Kelt da suka zauna a inda ake kira Faransa yau, da Birtaniya, da Ireland, shekaru fiye da 2,000 da suka wuce. Shari'a a hannunsu take, haka yanka da bukukuwa da tarbiyyar 'ya'yan manya. Amma ko layi ɗaya na karatunsu ba su bari a rubuce ba. Julius Kaisar, wanda ya ci ƙasarsu da yaƙi, shi ya rubuta cewa almajirinsu kan kwashe har shekara 20 yana haddar baitoci, kuma ba su yarda a rubuta karatun ba. Wani Barume mai suna Pliny ya kawo labarin yadda malaminsu ke sa farar riga ya hau bishiyar da suke kira oak, ya yanko kauci da lauje na zinariya, a tare shi a farin mayafi, sannan a yanka fararen bijimai biyu. E, kaucin nan dai da ke fitowa a jikin wata bishiyar, wanda masu magani ke nema, ɗan uwansa ne. Sai wani Barumen, Tacitus, da ya ba da labarin yadda rundunar Rum ta afka wa tsibirin Anglesey wajen shekara ta 60 Miladiyya, ta murƙushe su, ta sare kurmin da suke ibada a ciki. Rumawa sun kuma zarge su da yanka mutane. A 1984 masu haƙar taɓo sun tono gawar wani mutum a fadamar Lindow, an yi masa mummunan kisa, an kuma sami 'yar ƙurar furen kauci a cikinsa, har yau masana na gardama ko hadaya ce ko kisan kai ne kawai.

Kusan iyakar abin da ke hannu ke nan, kuma mafi yawansa daga bakin baƙi da abokan gaba ya fito. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Tunda mutanen ba su bar littafi ba, kowane zamani sai ya ɗinka musu rigar da yake so.

Ita kanta Stonehenge ba su suka gina ta ba. An kafa manyan duwatsunta wajen shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa, wato kimanin shekara 2,000 kafin wani ya ambaci Druid a rubuce. Waɗanda suka ɗaura auren Druid da waɗannan duwatsu Turawan Ingila ne na baya-bayan nan: John Aubrey a ƙarni na 17, sai William Stukeley, wani likita kuma limamin coci, da ya wallafa littafi a kai a 1740. Hasashe suka yi, hasashen ya yi daɗin ji, sai ya zauna. A 1781 aka kafa wata ƙungiyar zumunci mai sunan Druid a wata mashaya a Landan, aikinta taro da taimakon juna, ba ibada ba. Winston Churchill ma an shigar da shi cikinta a 1908.

Wanda ya fi kowa tasiri kuwa wani mai sassaƙa dutse ne ɗan yankin Wales, Edward Williams, da aka fi sani da Iolo Morganwg. Mutum ne mai baiwar waƙa, mai tsananin kishin harshensa a lokacin da Ingilishi ke danne shi, kuma gwanin ƙirƙirar takardun jabu. Sai ya zauna ya tsara waƙa ko wata hikima da kansa, ya ce a wani tsohon kundi ya kwafo ta. A 1792 ya tara 'yan uwansa mutanen Wales a kan tudun Primrose da ke Landan, ya jera 'yan duwatsu a da'ira, ya ce wannan shi ne taron mawaƙan Birtaniya da aka gada tun daga Druid ba tare da yankewa ba. Aka gaskata shi fiye da shekara 100. Sai a ƙarni na 20 wani malami, G. J. Williams, ya bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya ya fasa ƙwai. To amma kafin nan ƙaryar ta riga ta yi jijiya. Tun 1819 aka haɗa taron nasa da gasar waƙoƙi ta Wales, Eisteddfod, kuma har gobe kowane Agusta ana yi. Shugaban taron zai zare takobi rabi, ba a taɓa zare shi duka, ya tambayi jama'a da harshen Wales ko akwai zaman lafiya, su amsa da ƙarfi cewa akwai, har sau uku, sannan a ɗora mawaƙin da ya yi nasara a kan kujera. Sarauniya Elizabeth ta Biyu an shigar da ita wannan taro a 1946 tun tana gimbiya, haka Rowan Williams a 2002, dab da zamansa shugaban cocin Ingila. Wannan reshe na al'ada ne da raya harshe, 'yan coci ne ma suka cika shi, kada a haɗa shi da masu ibada.

Yanzu ku dubi shekarun nan da kyau: 1740, 1781, 1792. Wane abu ne ke faruwa a Birtaniya a lokacin? Injin tururi ya fara aiki, masaƙu na tashi, masu hannu da shuni na killace filayen da talakawa ke kiwo a ciki tun kaka da kakanni, mutanen ƙauye na kwarara zuwa Manchester da Birmingham su shiga hayaƙin gawayi. Zuwa ƙidayar 1851, fiye da rabin mutanen Ingila da Wales a birane suke zaune. Zuwa farkon ƙarni na 20 kuwa dajin da ya rage a Birtaniya bai wuce kashi 5 cikin 100 na ƙasar ba, yau ma da duk shukar da aka yi bai fi kashi 13 ba. Wanda ke kwana a gona ba ya rataye hoton gero a ɗaki. Sai da daji ya ƙare, sai da mutum ya koma tashi da ƙararrawar masana'anta maimakon fitowar rana, sannan ya fara mafarkin wani dattijo mai farin gemu a gindin bishiya da ya san sirrin ganye da taurari.

Druid na ibada irin wanda ake gani yau ya kankama ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ross Nichols, wani malamin makaranta a Landan, ya ɓalle daga wata tsohuwar ƙungiya ya kafa tasa a 1964, wadda aka fi sani da gajeren sunanta na Turanci, OBOD. Shi da abokinsa Gerald Gardner, wanda ya fito da addinin Wicca, su ake danganta wa tsarin nan na bukukuwa 8 da suke kira zagayen shekara, biki ɗaya kusan kowane mako 6. Huɗu na rana ne: ranar da yini ya fi tsawo a Yuni, ranar da ya fi gajarta a Disamba, da ranaku biyu da dare da yini ke daidaita a Maris da Satumba. Sunayen da suke kiran waɗannan huɗun ma daga takardun Iolo suka fito. Sauran huɗun kuwa tsofaffi ne na gaske, daga Ireland da Scotland, kuma su ne suka fi ba ni sha'awa, domin asalinsu jadawalin aikin makiyaya da manoma ne.

Samhain, a daren 31 ga Oktoba zuwa 1 ga Nuwamba, lokacin da ake sauko da shanu daga makiyayar tudu. Mai garke zai tsaya ya auna ciyawar da ya tara da bakunan da zai ciyar har sanyi ya wuce, waɗanda ba za a iya riƙewa ba a yanka a sa gishiri. Ba mamaki da daren ya zama na tuna matattu, kuma a kansa bikin Halloween na yau ya zauna. Imbolc, 1 ga Fabrairu, lokacin da tumaki ke shirin haihuwa, nono ya fara dawowa gida bayan watannin ƙunci. Coci ta mayar da ranar ta waliyyiya Brigid, kuma tun 2023 Ireland ke ba da hutu dominta. Beltane, 1 ga Mayu, a hura wuta biyu a kora shanu su ratsa tsakaninsu don neman tsari daga cuta kafin a tafi da su kiwon tudu. Lughnasadh, 1 ga Agusta, ɗanɗanar sabon hatsi, bayan watan Yuli da aka sani da yunwa saboda rumbu ya yi ƙasa. Kowane biki cikinsu akwai tsoro a bayansa: tsoron cuta, tsoron yunwa, tsoron sanyin da ke kashe tsoho da jariri. Kuma babu wata shaida da ke nuna an taɓa yin wata al'umma guda a da can da take yin takwas ɗin nan gaba ɗaya. Haɗin zamani ne.

Game da bukukuwan rana kuwa, mu nan da wuya mu ji su a jikinmu. A Kano, tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, ruwan sama ne ke juya mana shekara. A Landan kuwa yinin tsakiyar Yuni ya haura awa 16 da rabi, na Disamba bai cika awa 8 ba. Kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ma'aikaci ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, makonni a jere. Wanda ya sha wannan, ranar da aka ce masa daga yau haske zai fara ƙaruwa, dole ransa ya motsa ko da bai yi imani da komai ba. Masu tonon tarihi ma na ganin maginan Stonehenge sun fi damuwa da faɗuwar rana ta tsakiyar hunturu fiye da fitowarta a Yuni, domin ƙasusuwan aladun da aka tono a Durrington Walls, kusa da wurin, sun nuna a tsakiyar sanyi aka fi yin babban yanka. Wato cincirindon da muke gani a Yuni wataƙila ma sun saɓa da lokacin masu wurin. Mafi yawansu kuma 'yan kallo ne da masu neman shagali, 'yan Druid ɗin tsiraru ne a ciki.

Ibadarsu ta kullum ba ta da wannan hayaniyar. Mutum goma ko ashirin, ƙungiyar da suke kira kurmi, za su haɗu a wani fili ko gefen daji da takalman taɓo da rigunan ruwa. Su tsaya a da'ira. Wani ya fuskanci kusurwoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya yana kiran zaman lafiya. Su ja kalmar Awen tare da dogon numfashi, wadda a wurinsu take nufin ilhamar da ke sauko wa mawaƙi. Wani ya karanta waƙar da ya tsara, wata ta faɗi abin da ta lura da shi a lambunta tun haɗuwar baya, a zagaya da burodi da ƙoƙon giyar zuma, a watse. Karatunsu mataki uku ne: na mawaƙi, sai na masanin itatuwa da ganyaye da duba, sai na Druid. Tun 1988, lokacin da Philip Carr-Gomm ya farfaɗo da OBOD, ta gidan waya ake aika darussan, yanzu kuma har ta intanet. Malaman da suka hana a rubuta karatunsu, ga masu da'awar gadonsu na karɓar darasi a ambulan.

A Amurka labarin ya fi ban dariya. A 1963 wasu ɗaliban Kwalejin Carleton da ke jihar Minnesota suka gaji da dokar tilasta halartar taron ibada, sai suka ce su Druid ne, za su yi tasu a gindin bishiya. Da wasa suka fara. Makaranta ta soke dokar, amma wasunsu suka ƙi dainawa, kuma daga wannan tsatson Isaac Bonewits ya fito ya kafa wata ƙungiyar Druid mai suna ADF a 1983.

Ni Musulmi ne, matsayina a kan ibadar a fili yake. Alƙur'ani a Suratu Fussilat ya kira dare da yini da rana da wata ayoyi, a ayar guda kuma ya hana a yi wa rana ko wata sujada. Da yawa cikin 'yan Druid za su ce su ma ba bautar rana suke ba, girmamawa ce. Lallai ba su da aƙida guda: akwai masu kiran tsofaffin allolin Kelt, akwai masu cewa kowane kogi da dutse na da ruhi, akwai Kiristoci, akwai waɗanda ba su yarda da wani abin bauta ba sam. Duk da haka a 2010 hukumar kula da ƙungiyoyin jinƙai ta Ingila da Wales ta amince da wata ƙungiyarsu a matsayin ta addini. Ba su da yawa. A ƙidayar 2021 kimanin mutum 74,000 ne suka rubuta cewa suna bin addinan gargajiya irin na kafin Kiristanci, waɗanda suka ce su Druid ne kuwa 'yan dubbai ne kawai.

Amma ko an ajiye batun aƙida, ina da ƙorafi a kansu. Sun cika yi wa muhalli kallon uwa mai taushin hannu. Yana da sauƙi ka tsara wa hunturu waƙar yabo idan ka san akwai na'urar ɗumama ɗaki na jiranka, kanti kuma cike yake da tumatirin Sifen a tsakiyar Janairu. Kakansu da ke yanka saniyarsa a Samhain ba nishaɗi yake ba, lissafin rai da mutuwa yake. Duk manomin da ruwa ya taɓa ɗauke masa gero na tsakiyar fidda kai ya san wannan fuskar ta biyu, kuma ita ce ta yi ƙaranci a waƙoƙinsu.

Inda nake sara musu shi ne wuri biyu. Na farko, da yawansu yanzu ba sa ɓoye tarihin nan. Masanin tarihi Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya warware labarin Iolo da Stukeley dalla-dalla, su kuma suka riƙa gayyatarsa ya yi musu lacca. Na biyu, wasunsu sun nuna abin bai tsaya a farar riga ba. A 1996, da gwamnati ta tashi yin hanyar da za ta kewaye garin Newbury, aikin da ya ci bishiyoyi kimanin 10,000, akwai 'yan Druid cikin masu zanga-zangar da suka gina ɗakuna a kan rassa cikin tsananin sanyi, suka ɗaure kansu don hana sara. Cikinsu har da wani tsohon soja mai babur da ya sauya sunansa zuwa Arthur Pendragon, wanda aka sha kamawa. An dai yi hanyar. Shi ne kuma ya daɗe yana fafutukar a sake buɗe Stonehenge ga masu biki bayan arangamar 'yan sanda da matafiya a 1985, har aka buɗe a 2000. Shirin haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa kusa da duwatsun, da suka yi ta adawa da shi, an soke shi a 2024, kodayake tsadar aikin ce ta kashe shi, ba addu'ar kowa ba.

Babbar jarrabawar wannan tafarki a ganina ita ce idan ya bar gida. Darussan na zuwa ƙasashe da dama. Ɗan Druid a Ostireliya sai ya juya jadawalin, ya yi Samhain a farkon Mayu, Beltane a Nuwamba. To ko ya juya, me ya haɗa yammacin Ostireliya da haihuwar tumakin Ireland? 'Yan asalin yankin, al'ummar Noongar, yanayi 6 suke lissafawa a shekara, suna gane su da iska da furanni da halin dabbobi. Idan da gaske koyarwar ita ce ka san ƙasar da kake takawa, ya kamata mai bin ta a can ya ajiye littafin Landan ya tambayi masu ƙasa. Wasu sun fara hakan, wasu kuma har yanzu suna kiran sunayen itatuwan da ba su taɓa gani ba.

A gidan ma jadawalin ya fara zamewa. Tun 1736 wani mai gona a Norfolk, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar da kowace bishiya ta yi toho da ranar da tsuntsayen ƙaura suka iso, zuriyarsa suka ci gaba har 1958, ba riga ba sanda. Daga irin waɗannan bayanai masana a Jami'ar Cambridge suka nuna a 2022 cewa tsirran Birtaniya yanzu na yin fure kusan wata guda kafin lokacin da suka saba. A Yulin 2022 ɗin kuma zafi ya haura digiri 40 a ƙasar karon farko tun da aka fara aunawa. Saboda haka akwai 'yan Druid da ke cewa a daina bin kalanda, kada a yi Beltane sai ƙayar nan mai farin fure da ke shingen gonakinsu ta buɗe, ko da a Afrilu ne. Wasu suka ce a'a, ranar da aka sani ita ke tara mutane. A aikace dai, kurmi da yawa ba furen suke bi ba, ba kuma ainihin ranar ba. Asabar ko Lahadin da ta fi kusa suke zaɓa, saboda ranar Litinin kowa na da ofis.